Karusar da ta Jira Waɗanda Suka Makara

Zauna, ɗana, ka bar cizon yatsa don tsararrakinka sun riga ka. Bari in ba ka misali da wani abu da aka ba ni labari a kudancin Indiya, shekarun da na yi karatun aikin jinya a can.

A wani gari nasu akwai babban ɗakin ibada na mabiya addinin Hindu. Sau ɗaya a shekara sukan fito da siffar abin bautarsu, su ɗora ta bisa wata karusa ta katako mai tsayin bene hawa uku, kowace ƙafarta ta fi namiji tsawo. Ba doki, ba inji. Dubban mutane ne ke jan ta da igiyoyi masu kaurin cinya, su zaga da ita titunan nan huɗu da suka kewaye ɗakin ibadar, a fara da hantsi a gama kafin rana ta karkata. A wurinsu, duk wanda ya sa hannu a igiyar ya sami albarka.

To, akwai wani tsoho maginin tukwane a wani ƙauye mai nisa. Shi da matarsa sun yi shekara arba'in suna cewa baɗi za su je, baɗi kuwa ba ta ƙarewa. Sai ganin matar ya fara dushewa, har ta kai ba ta gane fuska sai an matso kusa da ita. Likita ya faɗa musu gaskiya, cewa kafin wata shekarar hasken zai tafi gaba ɗaya. Ran nan tsohon ya rufe ramin gashin tukwanensa, matar ta ƙulle musu dafaffiyar shinkafa a ganyen ayaba, suka kama hanya ana jibi biki.

A tasha suka tarar da jirgin ƙasa ya cika maƙil da maziyarta, wasu har a bakin ƙofa suke lilo. Tsohon ya dubi cunkoson, ya dubi matarsa, ya bar jirgin ya wuce. Washegari suka sami bas, suka yi rabin hanya ana waƙe-waƙe ana miƙa wa juna gyaɗa, sai aka kece da ruwa, wata gada ta nutse, bas ta tsaya. Ranar bikin da safe wani manomi ya ɗauke su a amalanken shanu, su da wasu da suka maƙale irinsu. Shanu kuwa ba su san ana sauri ba. Tsohon yana ta duban rana. Da suka shigo garin la'asar ta yi, sai mutane suke gani suna fitowa ƙungiya-ƙungiya, gumi ya jiƙa su. Ya ce mata, "Uwar yara, na makarar da ke." Ta ce, "Kai ni dai inda zan ji ganguna. Kunnena bai mutu ba."

Ya riƙe hannunta suka bi sautin ganga, suka sha kwanar titi na ƙarshe, sai ga karusa tsaye a gabansu. Ashe ruwan da ya tare su a hanya shi ya jiƙa ƙasar wannan kusurwa, ƙafa ɗaya ta nutse tun da rana tsaka. Waɗanda suka yi sammako sun ja har tafin hannunsu ya saɓule, da yawa sun koma inuwa suna shan tsala da ake rabawa kyauta, wasu sun haƙura sun tafi. An cusa gungume a bayan ƙafar, an zuba tsakuwa, abin da ya rage kawai sababbin hannuwa. Wani mai shela yana ta kiran duk wanda bai ja ba tukuna ya matso. Sababbin hannuwan kuwa su ne mutanen amalanke da na bas ɗin da ta tsaya, da waɗanda suka tako a ƙafa.

Aka buɗe musu hanya har gaba, dab da karusar. Da sun zo da wuri, da a can bayan taro za su tsaya, tsohuwa ba za ta ga komai ba sai duhun ƙeyoyin mutane. Yanzu ga ta taku biyar tsakaninta da karusar. Ta ɗaga kai ta ga jan ƙyalle da rawaya, ta ga dawakan katako da aka sassaƙa, ta ga furanni suna reto, tana lissafa wa mijinta launukan ɗaya bayan ɗaya kamar shi ne ba ya gani. Suka kama igiya, hannunsa a kan nata. Aka busa doguwar algaitarsu, ganguna suka ɗauka, aka ja da murya ɗaya. Katako ya yi ƙara, ƙafar ta fito daga laka, karusa ta motsa. Garin ya ɗauki guɗa. Tsohuwa tana ja tana dariya, hawaye na bin kumatunta, ba ta saki igiyar ba sai da aka kai karusar mazauninta.

Addininsu daban, namu daban, amma darasin na kowa ne. Ka yi naka tafiyar, ko da a amalanke ne. Hausawa sun riga sun faɗa: rabon kwaɗo ba ya hawa sama.