Rigar da Mani ya cusa wa auduga

Da asuba ina ɗaure kaya a motata a tashar Ƙanƙara, na hango Mani mai ɗinkin katifa yana tahowa rungume da ƙullin zane. Mansura, yarinyar da yake nema, tana tsaye a gefen mota. Za ta Kazan, wani tsohon birnin jami'a a Rasha, koyon Rashanci. Mahaifinta ya ce ta faɗa wa Mani matsayinsa kafin ta tafi: ya turo manyansa, ko ya nemi wata. Har safiyar nan ba ta ba shi amsa ba.

Ya kwance ƙullin. Riga ce har gwiwa, ya cusa mata auduga ya ɗinke layi-layi.

"An ce sanyin can yana daskarar da ruwa," ya ce, idonsa a ƙasa.

Na ɗaga ta na ji nauyi. "Haba Mani, wannan ai katifa ce mai hannu! Jakarta ta cika, ina za a sa?"

Ya miƙo hannu zai karɓe abinsa. Mansura ta riƙe gefen rigar.

"Ka ɗinka, alhali ba ka ji amsata ba?"

"Ko mece ce amsar, ai za ki ji sanyi."

Na daɗe ina ɗaukar masu alkawari a motar nan, ban cika yarda da baki ba. Ita dai ta zura rigar a kan hijabinta, ta ce, "Ka turo su Baba gidanmu ranar Juma'a."

Rana ta take, muna hanyar Funtuwa, na duba madubi. Gumi yana zubo mata, amma tana ƙara rufe wuyan rigar da maɓalli.