Izinin Abba

Tun kafin a kira la'asar Safiyatu ta gama shiri. Ta zauna a falo da jaka a cinya, tana jiran Abba ya dawo daga ofishinsu da ke unguwar Ulaya a Riyad. Muhibba, matar Abba, ce ta saya mata tikiti biyu ta waya, ta kuma rantse ba za ta faɗa wa kowa dalili ba.

A shekarar ce aka buɗe gidajen silima a Riyad, kowa sai zumuɗi yake yi, ban da Abba. Shi ko labarai yake kallo fuskarsa a ɗaure take. Tun bayan rasuwar da aka yi musu ya ɗauko Safiyatu daga Kano, ya yi mata iƙama, wato takardar zaman ƙasa, a ƙarƙashin sunansa, ya kafa dokoki: ba fita sai da direba, ba shan zaƙi, ba aikin wahala. Muhibba ma ko tsintsiya ba ta bari ta taɓa.

Zaman kaɗaici ne ya kai ta kasuwar Dira. A can ta shiga shagon wani tela Ba'indiye, Shabbir, mutumin Haidarabad, don a rage mata tsawon abaya. Da ya faɗi kuɗin aiki, sai ta dafe ƙirji ta ce masa da Indiyanci, “Wannan zalunci ne, ya mai girma sarki!” Irin Indiyancin da ta iya ke nan, na fim. Shabbir ya yi dariya har allurar da ke bakinsa ta faɗi.

Daga ranar abayoyinta suka shiga lalacewa. Yau maɓalli ya cire, gobe ɗinki ya warware. Shi kuma ya fara koyon “ina wuni”. Ranar da ya ce yana so ya zo gida, ta gaya masa gaskiya: Abba ne waliyyinta, in bai ce to ba, babu aure.

Sai dai ta ina za ta fara? Wannan ba magana ba ce da za ta iya kallon idon Abba ta yi. Muhibba ce ta kawo shawarar fim. Akwai wani na Indiya na barkwanci da ake nunawa, ɗiyar mai alewa ta kamu da son wani Baturke mai gyaran lif, na'urar hawa bene, ubanta ya ce sai dai bayan ransa. A kai Abba ya gani, ko zuciyarsa za ta yi laushi.

Abba ya shigo a gajiye, ya ji inda za a je. Ya ɗauki makullin mota.

Aka kashe fitilu. Safiyatu ba ta kalli allon ba, fuskar Abba take leƙe. Ya rungume kwalin gugguru yana bin fassarar Larabci da ke gudu a ƙasa. Aka yi waƙar farko, ya duba wayarsa. Aka yi ta biyu, ya yi hamma. Da uban yarinyar ya kori Baturke da ludayi, sai Abba ya fashe da dariya.

“Dattijon nan ne kaɗai mai hankali a fim ɗin,” in ji shi.

Safiyatu ta ƙara nutsewa cikin kujera.

Can wajen ƙarshe lif ya maƙale da dattijon da Baturken su biyu. Suka yi faɗa, suka gaji, suka zauna a ƙasa suka raba alewa. Da ƙofa ta buɗe, suka fito rungume da juna, gari ya ɗauki rawa. Abba ya ciro hankici ya goge ido, ya ce sanyin wurin ya yi yawa.

A waje, gaban wani shagon shayi, Shabbir na tsaye tun ɗazu kamar yadda Safiyatu ta umarce shi, cikin farar riga mai guga, da kwalin dabino a hannu. Safiyatu ta tsaya cak.

“Abba,” ta ce, idonta a ƙasa, “akwai wanda nake so ka gaisa da shi.”

Shabbir ya matso, ya ɗan rusuna. “Ina wuni. Yaya gajiya. Lafiya lau,” ya zubo su duka a jere, bai bar wa kowa amsa ba.

Abba ya kalle shi tun daga hula har takalmi. Ya kalli dabinon. Ya waiwayo ya kalli Safiyatu, wadda ta ja gyale ta rufe rabin fuska. Sai ya tuna yawan zuwa Dira da direba yake ba shi labari.

Ya juya harshe zuwa Larabci. A wane masallaci yake salla? Iƙamarsa da rai? Ya san akwai maganin da take sha safe da yamma? Zai iya cin tuwo da miyar kuka? Shabbir ya amsa duka, na ƙarshen da “in sha Allahu” mai ɗan rawa.

Safiyatu ta murɗe hannun jakarta har yatsunta suka yi zafi.

Abba ya ja dogon numfashi, ya karɓi kwalin dabinon da hannu biyu.

“Na amince, Umma,” in ji ɗan nata na fari, wanda ya ci sunan mahaifinta. “Amma ke za ki yi wa jikokinki bayani.”