Ƙarfe a Jinin Ɗan Tauri

Yanzu ba a saka wa mutum ƙarfen buɗe jijiyar zuciya sai an jiƙa irinsa cikin jininsa kwana arba'in. Ana so ya shekara biyu a jiki kafin ya narke. Wanda jininsa ya cinye shi da wuri, gida ake mayar da shi da ciwonsa.

Ranar cikar arba'in na kai kakana, Baba Jatau, ɗakin gwaji. Tun a mota yake cewa mu koma.

“Ni ɗan tauri ne. Na sha magani tun ubanka bai yi haƙori ba. Ƙarfe ba ya kwana a jikina.”

Na ce, “Bari haki tukuna, sarkin tauri.”

Kwalabe ne jere a kan kanta, kowace da suna. Ta kusa da ta Baba Jatau jini ne zalla, babu ƙarfe. Na ɗauke idona.

Malama Asabe mai gwajin ta ɗaga kwalbarsa wajen fitila. Ƙarfen yana nan, siriri kamar zaren buhu, ko tabo bai yi ba.

“Barka, Baba. Litinin za a saka maka.”

Na ce alhamdu lillahi. Shi kuwa ya daɗe yana kallon kwalbar.

“'Yata, kin tabbata jinina ne?”

“Naka ne, Baba.”

Ya dafa kafaɗata, ya rage murya.

“In mun koma unguwa, ce musu ƙarfen Nasara ne. Ba irinsa muka sha wa magani ba.”

Na ce to.