Gonar Iya Turai

Salmanu ya zaga shagunan kasuwar Al Ras ta Dubai kaf, takalminsa har ya buɗe baki, amma abin da ya tara bai taka kara ya karya ba.

Gonar da kakarsa, Iya Turai, ta bar wa masallacin garinsu waƙafi yake son fansowa. Da hatsinta ake ciyar da liman, a sayi tabarmi da man janareta. An sayar da ita a ɓoye. Mai sayen kuma ya rantse in damina ta wuce ba a mayar masa da kuɗinsa ba, gidan mai zai gina.

'Yan garinsu masu lodin kaya a Dubai ko kallon arziki ba su yi masa ba. Wani ya ce Allah ya shirya, ya ci gaba da danna BlackBerry ɗinsa. Salmanu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Da ya rasa tudun dafawa, ya faɗa shagon Arumugam, wani dattijo ɗan ƙabilar Tamil mai kayan yaji da yake yi wa dako. Musulmi a gaban ɗan Hindu, yana roƙo don masallaci! Kansa a ƙasa ya yi bayani da guntun Larabcinsa.

Tsohon ya ajiye ma'auni. Ya ce su ma a ƙauyensu, tun zamanin sarakunansu na dā, na daular Chola, wata mata ta ba ɗakin bautarsu gonar shinkafa don kada fitila ta mutu. Sarki ya ɗauke wa gonar haraji, aka sassaƙa maganar a bangon dutse. Har gobe fitilar na ci.

"A ƙarshen rubutun," in ji shi, "matar ta ce: duk wanda ya kare wannan kyauta, ƙafafunsa na bisa kaina."

Ya damƙa wa Salmanu gudummawar da ta fi ta kowa. Sannan, da furfurarsa da komai, ya durƙusa zai taɓa masa ƙafa, kamar yadda suke yi wa manyansu.

Salmanu ya yi tsalle baya har ya ture buhun citta. Tsohon ya shiga ba shi haƙuri, yana zaton addini ne ya hana.

Ina! Da waɗannan ƙafafun Salmanu ya auna wa mai saye gonar, taku-taku, ranar da ya sayar da ita ya yi bizar Dubai.