Mai Jan Fatar Zomo

Na'Allah yana taka keke iya ƙarfinsa, fatar zomo ɗaure da igiya a bayansa, karnukan tseren hafsoshin soja suna bin ta a guje. Da wannan aikin yake ci. Ya rufe fuska da rawani, domin surukansa na ƙauyen Gidan Dare sun ɗauka shi akawu ne.

Dab da ƙarshen fili ya kife, rawanin ya warware. Mai kama karnuka, shi ma fuska a rufe, ya rugo ya ɗaga shi. Suna haɗa ido Na'Allah ya gane shi. Malam Sahabi ne, uban matarsa.

Dattijon ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Don Allah kada ɗiyata ta ji. Ta ɗauka rumfar hatsi nike wuni."