Ɗan Fari

Tun da aka kafa dokar sharar ƙwaƙwalwa, duk tsohon da mantuwa ta fara taɓawa sai an kai shi asibiti. Mamuda da kansa ya kai mahaifiyarsa Inna Dije da safe, ya zauna a benci yana jira.

Da azahar aka fito da ita garau. Ta hango autarta Ladiyo, ta ce, "Ke, wa ya ɗaura miki wannan ɗankwali kamar gammo?" Ladiyo ta rungume ta tana dariya.

Mamuda ya durƙusa. "Inna, sannu da jiki."

"Yauwa, sannu malam." Ta juya. "Ladiyo, direba ne?"

Mamuda ya miƙe. Ya tare ma'aikaciyar da ta fito da ita a bakin ƙofa. "Malama, me kuka yi mata? Ni ne ɗanta na fari!"

"Alhaji, na'ura abin da ba a amfani da shi take sharewa. Ta duba, tsohuwa ba ta taɓa kiran sunanka ba, ko ido ba ta haɗawa da kai."

"Kunya ce! Wace uwa ke kiran sunan ɗan fari?"

"To, ita na'ura ba ta san kunya ba. Kuma abin da ta share ya tafi."

A mota Inna ta ƙura masa ido, ko ƙiftawa ba ta yi.

"Bawan Allah, yaya sunanka?"

Ya faɗa mata.

"Mamuda," ta ce. "Suna mai daɗi."

Tun da aka haife shi, yau ya fara jin sa a bakinta.