Damin Irin da Mudassir Ya Kai Inji

Mudassir manomi ne a wani ƙauye kusa da Gafasa, kuma ba abin da yake ci masa rai kamar fara'ar maƙwabcinsa na gona, Bubayero. Tare suka tashi, iyaka ɗaya ce ta raba gonakinsu. Shi Bubayero Allah Ya yi shi da sa ran alheri, kome ya faru sai ya ce gobe za ta fi yau kyau. Mutane suna son zama da shi, in ya yi magana a majalisa sai a saurara. Mudassir kuwa sai ya taɓe baki ya ce wannan ko ɗakinsa ne ya ƙone cewa zai yi ya samu tokar taki. A yi dariya, Bubayeron ma ya taya su, abin ya ƙara ƙona wa Mudassir zuciya.

Wata shekara ruwa ya yi jinkiri. Bubayero ya ɗauki sungumi ya yi binne, wato ya zuba gero a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwa ya zo ya same shi. Aka yi ɗan yayyafi, gero ya tsiro, daga nan sama ta ɗauke har kwana ashirin. Shukar ta ƙone ƙurmus.

To, maganar gaskiya, Mudassir daɗi ya ji. Kullum da safe sai ya bi ta bakin iyaka ya ƙare wa gonar kallo, ya dawo majalisa yana cewa daminar bana ta mutu, duk wanda ya sake zuba iri ya yi wa gara sadaka ne kawai. Ya yi ta faɗa don ya ɓata wa Bubayero rai, har shi Mudassir ɗin kansa ya zo ya yarda.

Mudassir yana da dami guda na iri a rumbu, gero ne mai saurin nuna wanda ya gada daga mahaifinsa. Duk ƙauyen shi kaɗai yake da shi. Ran nan bayan la'asar sai ga Bubayero ya yi sallama.

"Malam Mudassir, lokaci ya ja, naka ne kawai zai kamo damina. Ka sammini ko kwano biyu, in kawo maka amalanken taki."

"Kai har yanzu ba ka daddara ba?"

"Ruwa na nan tafe, in sha Allahu."

Mudassir a ransa ya hango geron ubansa ya yi kore shar a gonar Bubayero, mutane suna wucewa suna yaba wa Bubayero. Sai ya ce ai irin tuni suka cinye shi. Bubayero ya jajanta masa, ya yi masa addu'a, ya tafi.

Da ya koma cikin gida sai tsoro ya kama shi, don matan gidajen biyu suna shiga wa juna, ƙaryar ba za ta kwana biyu ba. Ya sauko da damin, ya ce wa matarsa Naja'atu ta sussuke shi a kai inji a niƙe duka.

"Baban Zulfa, iri ne fa. To mu me za mu shuka?"

Ya ce mata bana ba damina, gwamma ya shiga cikinsu da ya shiga cikin gara. Ta roƙe shi ya bar ko kwano ɗaya, ya daka mata tsawa. Haka ta sussuke shi tana share hawaye da gefen zani.

Kwana huɗu da niƙa gari, hadari ya haɗo daga gabas, aka kwarara ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ashe Bubayero ya hau babur har Balan, ya samo iri wurin surukansa. Washegari ya shuka, ya kuma aiko wa Mudassir da ragowar, tunda ya ji ya ce nasa ya ƙare. Mudassir ya mayar, ya ce shi bai roƙi kowa ba.

Sai da ya jira ranar kasuwar Ajingi. Cikin gaggawa ya auni hatsi wurin wani baƙon mai awo, bai tsaya ya duba ba. Ashe maiwa ce, wadda take son doguwar damina. Ta tashi kuwa, ta yi tsawo ta yi ganye, har yana leƙen ta Bubayero yana cewa tasa ta fi. Tana fara fitar da kai, ruwa ya ɗauke.

Da kaka Bubayero bai cika rumbu ba, amma ya ɗaure abin da zai kai iyalinsa wata damina. Mudassir kara kawai ya tara. Ba a yi wata biyu ba tukunya ta daina hawa murhu a gidansa. Mahaifin Naja'atu ya zo da kansa, ba faɗa ba zagi, ya ce zai tafi da ita da yaran su zauna wurinsa har Allah Ya kawo sauƙi. Mudassir ya kasa ɗaga kai. Ya kulle gidan, ya ɗauki ƙullin kayansa, ya tsaya bakin titi yana jiran motar Kano zai tafi ci-rani. Geron mahaifinsa kuwa, ko ƙwaya ɗaya ba ta rage a ƙauyen ba.

'Yan'uwa, kyakkyawan fata shi ne mutum ya kyautata zato ga Allah, ya tashi ya sake shuka ko da ta farko ta ƙone. Wanda ya zauna yana yi wa gonar ɗan'uwansa fatan fari don hassada, ya tuna sama ɗaya ce a kansu, kuma tasa gonar ce za ta fara bushewa.